Yadda Ake Auna Cokali Ɗaya Da Ya Ɓace Daga Ƙwaƙwalwa

Yau za mu leƙa cikin ƙoƙon kai ne, kuma ku riƙe lissafin "kashi kaza cikin 100" kusa, don zai yi mana aiki.

Akwai wata cuta da likitoci ke kira MS a taƙaice. Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ne ya fayyace ta a birnin Faris a 1868. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka suna da rigar kitse, kamar robar da ke lulluɓe wayar lantarki. A wannan cuta, garkuwar jiki ce ke juyowa tana cin rigar, sai saƙo ya riƙa tafiyar hawainiya ko ya yanke. Daga nan gani ya dusashe, ƙafa ta yi nauyi, ga gajiya marar dalili. Kimanin mutum miliyan 2.8 ke ɗauke da ita a duniya, ta fi kama mata, kuma ta fi yawa a ƙasashen sanyi irin su Kanada da arewacin Turai.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, ko mai cutar yana jin garau, ƙwaƙwalwarsa na iya raguwa a ɓoye. Ta kowa ma tana raguwa da shekaru, kimanin kashi 0.1 zuwa 0.3 cikin 100 a shekara. Ta mai MS kuwa takan kai 0.5 zuwa 1, wani lokaci fiye. Abin da ya tafi ba ya dawowa, kuma wanda tasa ke saurin raguwa ya fi fuskantar naƙasa da mantuwa a gaba. Shi ya sa masana suka ba da shawarar a ɗauki 0.4 a matsayin iyaka.

To mu buga lissafi. A ce girman ƙwaƙwalwa mililita 1,200 ne. Kashi 0.4 cikin 100 nasa bai cika mililita 5 ba, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Shi ake son ganowa, a cikin kan da ba za a buɗe ba!

Dabarar ita ce a ɗauki hoton kai da na'urar MRI bana, a sake ɗauka baɗi. Wata manhaja mai suna SIENA, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Oksfod ta Ingila, tana ɗora hoton farko a kan na biyu. Da ƙashin kai take saita su, tunda na baligi ba ya canja girma, sannan ta duba yadda gefen ƙwaƙwalwar ya ja da baya.

Sai dai ƙwaƙwalwa ba bulo ba ce, ruwa ya fi yawa a cikinta. Wani bincike da aka yi a Jamus a 2005 ya nuna awa 16 ba shan ruwa na rage girmanta da kusan rabin kashi ɗaya cikin 100, ta kuma dawo idan an sha. Kun ga ƙishirwar yini guda ta kai ɓarnar shekara a idon na'ura. Da safe ma takan ɗan fi girma a kan yamma. Canja na'ura kuma wani rikicin ne.

Wanda ya fi ba mu mamaki shi ne na magani. Idan aka fara maganin da ke kashe kumburi, ruwan kumburin yakan janye, sai a ga ƙwaƙwalwa ta "ragu" sosai a watannin farko. Likitan da ya yi gaggawa zai iya zaton maganin bai yi ba, alhali aiki yake yi.

A ganinmu, shi ya sa awon ya fi amfani a gwajin magani, inda ake haɗa ɗaruruwan mutane kurakuran su kashe juna. Ga mutum ɗaya kuwa, sai an jera hotunan shekaru da dama, a na'ura ɗaya, kafin a yanke hukunci.

Ga aikin gida: ƙwaƙwalwa mai mililita 1,200 tana rasa kashi 0.8 cikin 100 kowace shekara. Nawa zai rage bayan shekara 10? Ku lura, kowace shekara daga abin da ya saura ake cirewa.