Me ya sa Kabawa suka ce "gyaran ruwa"?

1/ Jama'a, duk lokacin bikin kamun kifi na Argungu sai an yi wannan rigimar a nan. Wani ya ɗora hoto, wani ya ce "tsafi ne kawai", a yi ta zagin juna har dare. Ni dai ina ganin kafin mu yanke hukunci ya kamata mu san sunan abin tukuna.

2/ Zuba abin sha a ƙasa ko a ruwa domin iskoki ko kakanni tsohuwar al'ada ce a duniya. Turawa suna ce mata libation, daga kalmar Latin mai nufin zubawa. Wato su aikin hannun suka duba suka sa suna.

3/ Kabawa kuwa dalilin suka duba. Zube-zube da yanke-yanken da akan yi a kogi kafin lokacin su, sunansu "gyaran ruwa". Ai ba a gyara sai abin da ake gudun ya ɓaci. A fahimtarsu akwai amana tsakanin mutane da ruwa, kuma amanar tana iya lalacewa.

4/ Sai an gyara sannan a yi "fashin ruwa". A'a, ba fashi da makami ba 😂 Buɗe ruwa ake nufi, a ba masunta izinin shiga. Akwai kuma gyaran gari da shan kabewa.

5/ Ku lura da kyau: in ana buɗe ruwa, to da a rufe yake ke nan. Rufewar nan ita ke ba kifi damar hayayyafa ya girma. Har yau ba kowa ke faɗawa Matan Fada da homa yadda ya ga dama ba, sai da izinin Sarkin Ruwa.

6/ Bikin da muka sani ya faro ne a 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu bayan doguwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016. Amma gyaran ruwa ya girme wa bikin nesa ba kusa ba.

7/ Kar a juya min magana fa. Ban ce kowa ya je ya zuba wa iska nono ba. Musulunci ya haramta yanka da bauta ga wanin Allah, kuma a kan haka nake. Sanin ma'anar kalma daban, aikata abin daban.

8/ Abin da ke damuna, in muka tattara komai muka ce "tsafi", har dokar hutar da kogin za mu zubar tare da shi. Ga raga mai ƙananan ido tana kwashe 'ya'yan kifi, ga leda ta cika bakin gulbi daga Argungu har Birnin Kebbi. Yanzu ne ma ruwan ke buƙatar gyara.

9/ In kana da kaka ko wani dattijo masunci a gida, ka tambaye shi yadda ake rufe ruwa da buɗe shi a zamaninsu, tun yana da rai. Abin da ya faɗa maka, ka ajiye mana a ƙasan nan mu ƙaru.