Santsi Kaɗai Ba Ya Riƙe Bututu

Duk ɗalibin da ya yi darasin zafi ya san ƙarfe yana miƙewa idan ya ɗumama, amma kaɗan ne aka sa su yi lissafin. To, bari mu yi. Bututun ƙarfe mai tsawon mita 100, idan tururin da ke bi ta cikinsa ya ƙara masa zafi da digiri 300 a ma'aunin Salshiyos, zai ƙara tsawo da kimanin santimita 36. In an ɗaure shi tam, ko dai ya lanƙwashe, ko ya tsage a wurin walda, ko ya ture ginshiƙin da ke ɗauke da shi. Shi ya sa a matatun mai da tashoshin lantarki ake yi wa bututu takalmin ƙarfe, a shimfiɗa faifai mai santsi a ƙarƙashinsa domin ya riƙa zamewa.

A ganina, kuskure ne babba a zaɓi wannan faifai saboda santsinsa kawai. Ni malamin ilimin halittu ne, don haka hujjata daga ɗakin tiyata ta fito. A ƙarshen shekarun 1950, likitan ƙashi John Charnley na Ingila ya nemi abin da zai maye gurbin guringuntsi a gaɓar ƙugu. Ya ɗauki Teflon, robar nan da Roy Plunkett ya gano a 1938, domin da wuya a sami abin da ya fi ta santsi. Marasa lafiya suka tashi suna tafiya, kowa na murna. Ba a daɗe ba robar ta cinye, ɓarɓashinta ya haddasa kumburi a cikin nama, tilas aka sake yi wa mutane da yawa aiki. A 1962 ya koma ga wata robar da ba ta kai ta santsi ba, amma ta fi ta jure guga.

Haka lamarin yake a ƙarƙashin bututu. Teflon tana aiki lafiya har zuwa wajen digiri 260, tana narkewa a 327, kuma nauyi mai yawa yana baje ta sannu a hankali kamar malmalar tuwo da aka danne. Girafait, wato baƙin da ke cikin fensir, bai kai ta santsi ba, yana kuma gutsurewa in an buge shi, amma yana jure zafin digiri 400. Ƙarfe a kan ƙarfe shi ne mafi arha, sai dai ranar da tsatsa ta kama, bututun ya daina motsi ke nan.

Mai saye ya fara da tambayar zafi, kuma zafin tafin takalmin ake aunawa, ba na tururin da ke ciki ba, domin tsayin takalmi da rigar hana zafi fita suna rage shi ƙwarai. Sannan nauyi. A ƙasarmu kuwa akwai tambaya ta uku: ƙurar hunturu, wadda in ta kwanta tsakanin faifai biyu sai ta zama tamkar dutsen niƙa. Dalili ke nan da ake sa faifan sama ya fi na ƙasa faɗi, ya rufe shi ruf ko'ina bututun ya zame.