Hunturu da Injin Gurza: Sanyi Ake Zargi, Ƙura Ke Ɓarna

Duk wanda ya shiga kasuwar Kantin Kwari da hantsi a watan Janairu zai tarar da yaran kanti suna kaɗe ƙura daga kan atamfa da shadda, 'yan dako kuma sun naɗe fuska da rawani suna sauke diloli. Ba kasafai mai ciniki yake tuna cewa wannan iskar da ke busar masa da leɓe ita ce ke kaɗawa a lokacin da ake gurzar auduga ba. A ƙasar Hausa ana tsinkar kaɗa ne bayan ɗaukewar ruwa, daga wajen Nuwamba, a kai ta gidajen gurza irin na Funtuwa da Gusau da Malumfashi. Ke nan injunan da ke jigilarta suna yin mafi yawan aikinsu na shekara a tsakiyar hunturu. Haka abin yake ga injunan sarrafa shinkafa da gyaɗa da waken suya a Bompai da Sharaɗa da Challawa, domin kaka ita ce lokacin da amfanin gona ke kwararowa.

Jigila a irin waɗannan wurare iri-iri ce. Akwai bel na roba mai faɗi da ke gudu a kan gare-gare, akwai jerin ƙananan bokitai da ke hawa da hatsi zuwa saman rumbun ƙarfe, akwai ƙarfe mai murɗe kamar dodon koɗi da ke tura angurya cikin kwararo, sannan akwai bututu mai zuƙar auduga da iska. Idan ɗaya daga cikinsu ya tsaya, duk masana'anta ta tsaya, motoci su yi layi a ƙofa, manomi ya kwana yana jiran kuɗinsa.

Wasu daga cikin waɗannan injuna daga ƙasashen sanyi aka sayo su, kuma littattafan da ke zuwa tare da su an rubuta su ne domin sanyin can. A lardin Saskacewan na ƙasar Kanada, inda ake noman alkama, ma'auni kan sauka zuwa digiri 30 ƙasa da sifiri. A irin wannan yanayi roba kan sandare har ta tsage, ƙanƙara ta manne wa gare-gare, danshin hatsi ya daskare ya toshe hanya. Su ke nan dole su nemi roba ta musamman, su riƙa barin bel yana juyawa a hankali cikin dare don kada ya kafe. A Kano kuwa, sanyin asuba a watan Disamba da Janairu yakan tsaya ne wajen digiri 12 ko 13, da rana kuma zafi ya kusanci digiri 30. Babu ƙanƙara. Injiniyan da ya haddace babin sanyi na littafin Turai ya shirya wa maƙiyin da ba zai zo ba, ya bar ƙofa buɗe ga wanda ke zuwa kowace shekara.

Ba a ce sanyin nan ba ya taɓa inji ko kaɗan ba. Kowace uwar gida ta san yadda man ja da man kaɗanya ke daskarewa a hunturu. Giris ɗin da ke cikin boris ma yakan yi kauri da asuba, sai inji ya ja wuta da yawa kafin ya tashi. Ƙarfe kuma yana miƙewa da zafi, yana takurewa da sanyi. Ɗalibin aji huɗu zai iya lissafawa: mita ɗaya na ƙarfe kan ƙaru da kimanin milimita 0.012 a kowane digiri, don haka gadon bel mai tsawon mita 50 zai motsa da milimita 12 idan bambancin dare da rana ya kai digiri 20. Wannan ya isa ya sa bel ya saki ko ya karkace. Amma maganinsa ba wuya: a tada inji ba kaya na ɗan lokaci, a duba ɗaurin bel safe da rana.

Babbar matsala ita ce ƙura. Kaso mai yawa na hazon hunturu yana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Cadi, wanda dā can ƙarƙashin wani makeken tafki yake, kakan Tafkin Cadi na yanzu. A cikin wannan ruwa wasu ƙananan halittu masu ƙwayar halitta ɗaya, dangin gansakuka, da masana ke kira dayatom, sun rayu sun mutu tsawon dubban shekaru. Kowannensu yana da ɓawo na silika, wato sinadarin da ake yin gilashi da shi. Da tafkin ya ƙafe sai ɓawon ya zama farin gari, iskar arewa maso gabas tana kwasa. Abin sha'awa, a shekarar 1832 Charles Darwin ya tattara ƙurar da ta sauka a kan jirgin ruwan da yake ciki kusa da tsibiran Kef Bade, kuma da masani Ehrenberg na Jamus ya duba irin wannan ƙura sai ya ga ɓawon halittun ruwan daɗi a cikinta. Idan wannan gari, haɗe da ɓarɓashin yashi, ya shiga giris, sai ya zama kamar tokar da ake goge tukunya da ita, yana cin boris a hankali har ya yi zafi ya kama.

A nan ne al'adar wasu makanikai ke ƙara ɓata lamari. Da sun ji boris yana kuka sai su cika shi da giris har ya tumbatso, suna ganin gata suka yi masa. Alhali abin da ya tumbatso shi ne tarkon ƙura, kuma giris mai yawa da kansa yana haifar da zafi. Abin da ya fi shi ne kaɗan-kaɗan a kai a kai, a goge bakin kafin a ɗura, a canja robar da ke toshe gefen boris tun a watan Oktoba.

Sai bushewar iska, wadda ita ce ta fi shafar auduga. Silin auduga ƙwayar halitta ɗaya ce tak da ta tsiro daga fatar angurya ta miƙe har ta kai santimita biyu da rabi ko uku, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na jikinta selulos ne. Selulos yana son ruwa. Auduga tana daga cikin zaruruwan da ƙarfinsu ke ƙaruwa idan sun sami ɗan danshi, shi ya sa masana gurza suka fi son danshinta ya kasance wajen kashi 6 zuwa 7 cikin 100. Da tsakar ranar hunturu laimar iska a Kano kan faɗi ƙasa da kashi 20, sai sili ya bushe ƙarau, haƙoran injin gurza su kakkarya shi. Gajeren sili ba ya ba da zare mai ƙwari, kuma yadin da aka saƙa da shi ba zai jure wanki da bugu ba. Ɗan kasuwar Kwari da ya murza yadi tsakanin yatsunsa ya ce bai yi ba, hukunci yake yankewa a kan abin da ya faru a gidan gurza watanni da suka wuce.

Kada a ɗauki wannan a matsayin hujja ga masu yayyafa wa auduga ruwa, ko su zuba mata yashi, don ta yi nauyi a sikeli. Wannan ha'inci ne, kuma jiƙaƙƙiyar auduga tana cushe bututu, tana fumfuna, tana ma iya yin zafi a tari. Danshin da ake magana a kai na iska mai laima ne da ake hurawa da awo a cikin masana'anta.

Busasshiyar iska tana tara lantarkin guga, irin wanda ke yin ƙas-ƙas idan yaro ya tuɓe rigar sanyi cikin duhu. Bel mai gudu kan tara irinsa, auduga ta manne inda ba a so, wani lokaci tartsatsi ya tashi. Garin hatsi ko na sukari da ke yawo cikin iska a rufaffen wuri kuwa yana iya fashewa kamar albarushi. A Disamban 1977 wani rumbun hatsi ya fashe a Westwego ta jihar Luwiziyana a Amurka, mutum 36 suka mutu. A Fabrairun 2008 matatar Imperial Sugar a jihar Jojiya ta fashe, mutum 14 suka rasa rayukansu, kuma bincike ya nuna wutar ta faro ne daga wani bel da aka lulluɓe da ƙarfe ba tare da an yi wa ƙurar sukari mafita ba, ana kyautata zaton boris mai zafi ne ya kunna ta. Wanda ya ce zai rufe bel ruf don ya tsare shi daga hazo, ya tuna cewa ƙurar da kaya ke fitarwa a ciki ta fi ta waje haɗari. Ga kuma ma'aikatan dare masu hura wuta a kasko don jin ɗumi kusa da tarin kaɗa.

Wani zai ce ai wannan duk kukan bayan hari ne, tunda yawancin yadin da ke Kwari yanzu daga Sin da Indiya yake zuwa. Gaskiya ne masaƙa ta durƙushe: Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 ta daɗe a rufe, an rushe hukumar cinikin auduga a 1986, masaƙun Kano da yawa sun zama kango. Amma har yanzu ana gurza auduga a Katsina da Zamfara, ana matse mai daga angurya, tunkuzarta na zuwa ga dabbobi, kuma injunan shinkafa sun yawaita a Kano fiye da dā. Bel ɗaya ne, ƙura ɗaya ce. Bai kamata a jira gwamnati ta farfaɗo da masaƙa kafin kwalejojin fasaha su rubuta jadawalin gyaran inji da ya dace da kaka da hunturu da bazara ba, cikin Hausar da makaniki zai karanta a bango.

Malamin kimiyya a sakandare ba ya buƙatar kuɗi don fara nasa. A shafa ɗan man basilin a kan guntun gilashi biyu, a ajiye ɗaya a taga, ɗaya a cikin aji, a bar su kwana uku a watan Janairu, sannan a duba da madubin ganin ƙananan halittu a kwatanta. A ɗauki auduga kaɗan, a bar rabi a rana, rabi a cikin rufaffiyar kwalba kusa da jiƙaƙƙen tsumma har kwana ɗaya, a murza kowanne ya zama zare, a rataya masa ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, ɗalibai su rubuta a ƙusa ta nawa kowanne ya tsinke.