Ƙwanƙwasar Inji: Asarar Da Ke Shigowa Ta Bakin Famfon Mai

A gareji idan aka ce "inji ya buga", ana nufin ya tsaya cik, sai an sauke shi. Amma tun kafin a kai ga wannan, akwai wata ƙara da injin kan yi, kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani, musamman idan mota ta ɗauko kaya tana hawan tudu, ko direba ya taka totur da babban giya. Wannan ƙwanƙwasa ita ce abin dubawarmu a yau, domin tana cin dukiyar masu motocin haya, da dillalan motoci, da kamfanoni masu jerin motocin aiki, ba tare da sun ankara ba.

Yadda abin yake shi ne, fistan yana matse gaurayen iska da fetur a cikin silinda, sa'an nan fulogi ya kyasta wuta, ita kuma ta bi gaurayen tana ci a jere. Idan matsi da zafi suka yi yawa, ragowar gaurayen da wutar ba ta kai gare shi ba sai ya fashe da kansa. Girgizar wannan fashewa ce ake ji. In ta daɗe tana aukuwa takan cinye kan fistan, ta karya zobbansa, ta ƙona gaskit.

Ƙarfin fetur na jure matsi shi ake aunawa da lambar okten. Gwargwadon girman lambar, gwargwadon juriyar man. Neman wannan juriya ne ya sa a 1921 Thomas Midgley na kamfanin General Motors a Amurka ya gano cewa zuba sinadarin dalma cikin fetur yana kashe ƙwanƙwasa. Daga baya aka tabbatar dalma guba ce, ƙasashe suka yi ta haramta ta, har Aljeriya ta zama ta ƙarshe a 2021. Tun da aka rufe wannan ƙofa, okten ya dogara ne a kan ingancin tacewa da kuma sinadaran da ake haɗawa bisa ƙa'ida.

To, ina abin ya shafe mu? Motocin da ke kan titunanmu sun canja. Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tana matse gaurayen mai kimanin kashi 8 ko 9 zuwa 1, ba ta kuma da tsirfa wajen abin da za ta sha. Injinan zamani kuwa sukan matse kashi 10 zuwa 12, wasu na kamfanin Mazda har 14. Da yawa kuma suna da tabo, wato na'urar da ke cusa ƙarin iska cikin inji. Masu ƙera motoci sun bi wannan hanya ne domin inji mai matsi sosai ya fi tsimin mai, amma da sharaɗin a ba shi man da ya dace. A Turai fetur na yau da kullum lambarsa 95 ce. A Amurka ana rubuta 87 a kan famfo, amma da wani ma'auni daban, wanda ya yi daidai da wajen 91 ko 92 a ma'aunin Turai. Ke nan motar da aka shigo da ita daga Beljiyam da wadda aka kawo daga Amurka ba lalle buƙatarsu ta zama ɗaya ba, alhali a akasarin gidajen manmu fetur iri ɗaya ne, babu kuma wata lamba a jikin famfo.

Wani zai ce ai motar zamani tana da na'urar jin ƙwanƙwasa, wadda ke sanar da ƙwaƙwalwar motar ta jinkirta kyasta wuta. Haka ne, amma wannan kariya ba kyauta ba ce. Jinkirta wuta yana rage ƙarfin inji, yana ƙara shan mai. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, kowace lita da ta tafi a banza ana jin ta a aljihu. Ga kuma zafinmu: a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri yakan wuce digiri 40, kuma iska mai zafi tana saurin jawo ƙwanƙwasa.

Sai dai ba duka laifin ke wuyan mai ba. Akwai wanda muke jawo wa kanmu a gareji. Idan inji ya yi zafi kansa ya karkace, akan kai shi a goge, kowace gogewa kuwa tana rage ɗakin ƙonewa, ta ƙara matsi. Wanda aka goge sau biyu ko uku yana bukatar gaskit mai kauri ko sabon kai. Haka nan sa fulogin da ba nasa ba, da barin lagireto ya toshe, da barin baƙin gawayi ya taru a kan fistan, da taɓa ƙwaƙwalwar mota don neman gudu ba tare da an gwada ta da man da za ta riƙa sha ba. Motocin da aka mayar masu amfani da iskar gas su ma suna bukatar lura: gas yana da okten sama da na fetur, saboda haka akan gaggauta masa kyasta wuta, in ba a daidaita na'urar da kyau ba kuwa, da an koma kan fetur sai ƙwanƙwasa. Ƙananan injina masu tabo kuma suna son baƙin mai mai alamar API SP, wanda aka fito da shi a 2020 don rage kamawar wuta kafin lokaci. Mafi muni shi ne fetur da aka surka da kananzir, irin wanda akan ci karo da shi a wajen 'yan bumburutu, domin kananzir yana karya okten ƙwarai. Araha dai ba ta ado.

Ra'ayinmu shi ne, lokaci ya yi da hukumar NMDPRA, wadda aka kafa a ƙarƙashin dokar man fetur ta 2021, tare da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON, za su tilasta rubuta lambar okten a kan kowane famfo, su kuma riƙa ɗibar mai suna gwadawa ba tare da sanarwa ba. Abin da ya faru a watan Fabrairun 2022, lokacin da fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima ya shiga kasuwa, ya nuna cewa ana iya samun giɓi a wajen bincike. Da yake matatar Dangote ta fara fitar da fetur a 2024, babu hujjar da za ta hana a samar da mai aji biyu, mai motar da ke bukatar babbar lamba ya biya ƙari da saninsa. Wannan ma wata ƙofar ciniki ce ga masu gidajen mai.

Kafin nan, dillali ya duba murfin tankin mota ko littafinta, ya faɗa wa mai saye gaskiyar man da take bukata. Mai motocin haya ya tsayar da gidan mai guda da ya amince da shi, ya adana rasit, ya kuma umarci direbobinsa cewa duk wanda ya ji wannan ƙara ya sassauta totur, ya rage giya, ya kawo rahoto a ranar. Kuɗin fulogi da wankin lagireto ba su kai ko kusa da kuɗin sauke inji ba.