Kafin Mu Kashe Kuɗin Ƙungiya Kan Na'urar Ɗaukar Murya



A zaman da muka yi na ƙarshe, an amince ƙungiya ta sayi kayan ɗaukar murya daga kuɗin da ke asusu. Inda aka rabu shi ne wace na'ura za a saya. Wasu sun ce wayar hannu ta isa, kada a ɓarnatar da kuɗi. Matasanmu masu sha'awar waƙa suna son ƙaramar na'urar da masu situdiyo ke kira saun kad, mai ƙofa biyu. Wasu kuma sun ce a sayi babbar miksa irin ta masu kiɗan biki. Mu a ofishin sakatare ra'ayinmu shi ne a sayi na'ura mai ƙofar makirfo huɗu, wadda take ɗaukar kowace murya a layinta daban, take aiki da batir, kuma za a iya haɗa ta da kwamfuta idan an dawo gida. Ga dalilanmu, domin kowa ya auna kafin ranar ƙuri'a.

Da farko mu tuna abin da ya sa aka kawo maganar. Bukuru gari ne da kuza ta tara. Jirgin ƙasa daga Zariya ya iso nan tun 1914, aka rufe layin a 1957. Kakanninmu sun zo daga Kano da Katsina da Sakkwato da Borno suna aikin haƙa da wanki da dako, wasu kuma an kawo su ne da ƙarfi tsakanin 1942 da 1944, lokacin da Turawan mulki suka ɗebi mutane aikin tilas saboda yaƙin duniya na biyu. Kamfanin NESCO ya riƙa ba filayen haƙar kuza wuta tun zamanin Turawa, farashin kuza kuma ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985. Duk wannan yana cikin littattafai. Abin da babu a littafi shi ne yadda aka rayu: nawa ake biyan lebura a mako, wace waƙa ake yi a bakin rami, wa ya fara limanci a wace unguwa, yaya Hausawa da Birom da Ibo da Yarbawa suka zauna a kasuwa ɗaya. Wannan yana bakin dattawanmu ne kawai, kuma kowace shekara muna raka wasu makwancinsu.

Marigayi Ɗan Maraya Jos a nan Bukuru aka haife shi a 1946, ya rasu a watan Yuni na 2015. Yau jikokinmu suna jin kuntiginsa ne saboda an ɗauki muryarsa da kayan aiki na kirki. Sa'o'insa da suka san tarihin garin nan, yawancinsu sun tafi ba a ɗauki ko jimla ɗaya daga bakinsu ba.

Ga masu cewa waya ta isa, mun gwada. Bara mun zauna da wani dattijo da ya yi aikin kuza tun yana saurayi, tare da abokansa biyu. Muka ajiye waya a tsakiyar tabarma, aka yi hira ta kusan awa biyu. Da muka koma saurare, ƙarar janaretan maƙwabta ta fi muryarsa ƙarfi. Duk inda su ukun suka yi magana tare, ba a gane ko ɗaya. Muka ce za mu koma bayan sallah. Kafin sallar Allah ya yi masa rasuwa. Hirar tana nan a hannunmu, amma rabinta ba ta da amfani, kuma babu wanda za mu sake tambaya.

Matsalar waya ita ce kunne ɗaya gare ta: duk abin da ya shiga, ya cakuɗe ke nan har abada. Na'ura mai ƙofa da yawa tana ba kowane mai magana makirfonsa, ta ajiye muryarsa a fayil nasa. Idan muryar tsoho ta yi ƙasa, a ɗaga tasa kaɗai. Idan wani ya yi tari, a rage nasa layin. Manhajar Audacity, wadda kyauta ce, ta isa wannan gyaran.

A nan ne babbar miksa take yaudarar mutane. Za ka ga ƙofofi takwas ko sha biyu, ka ɗauka ka gama. Amma yawancin miksa masu araha, ko da suna da kafar USB, suna haɗe dukan muryoyin ne su tura wa kwamfuta layi biyu kacal, na dama da na hagu. Miksa ta dace da taro da wa'azi, inda ake son murya ta fita ta lasifika nan take. Aikin adana tarihi daban ne. Ga nauyi, ga shi sai da wutar lantarki, alhali kowa ya san halin wuta a unguwanninmu.

Matasanmu kuma muna fahimtar su. Focusrite Scarlett 2i2 na'ura ce mai kyau, kuma ga mai waƙa shi kaɗai a ɗakinsa ta wadatar. Sai dai makirfo biyu kawai take ɗauka, kuma ba ta ajiye komai da kanta, dole sai an jona ta da kwamfuta. Hirar dattawa ba ta tafiya da mutum biyu. Tsoho yakan tuna abu ne idan abokinsa ya gyara masa suna ko shekara, don haka mai tambaya ɗaya da dattawa uku shi ne zaman da ya fi armashi. A kuma yi hattara da lambar da ke jikin suna: Scarlett 4i4 tana da ƙofar shiga huɗu, amma biyu ne kawai na makirfo. Wanda za a aika kasuwa ya ƙirga ramukan XLR masu ƙafa uku da idonsa. Behringer UMC404HD tana da huɗu cif, amma ita ma sai da kwamfuta.

Abin da ya dace da mu shi ne irin Zoom H6. Tana da ƙofar XLR huɗu, ga makirfonta na kanta a sama, tana aiki da batir AA guda huɗu, tana ajiye sauti a katin memori. Za ta shiga jaka a hau babur da ita zuwa Gyel ko Kuru ko Barikin Ladi. Idan an dawo ofis a jona ta da kwamfuta ta zama saun kad, matasa su yi waƙarsu. Idan kuɗin bai kai ba, akwai Zoom PodTrak P4, ita ma ƙofa huɗu, batir biyu, da wurin saka hedifon huɗu. Ingancin sautinta bai kai na H6 ba, kuma idan aka haɗa ta da kwamfuta layi biyu take turawa, amma ga magana zalla ta isa. Tana kuma da wata fa'ida da ta shafe mu: ana jona mata waya a ɗauki muryar wanda aka kira. 'Yan uwanmu da yawa sun bar garin nan bayan rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010, suna Bauchi da Kano da Kaduna. Tarihin Bukuru bai cika ba sai da nasu bakin.

Kada kuɗin ya ƙare a kan na'urar. Ana bukatar makirfo huɗu, da wayoyinsu, da sandunan ɗora su, da hedifon, da batir masu caji. Mu ɗauki makirfo na hannu irin na masu wa'azi, wanda ba ya jin komai sai bakin da ke kusa da shi. Irin na situdiyo mai bukatar wutar bolt 48 yana ɗauko har kukan akuya a bayan gida. Jabun Shure SM58 sun cika kasuwa, saboda haka a gwada kowanne a shago kafin a biya. A sayi soson rufe kan makirfo, domin iskar hunturun Filato kaɗai tana iya lalata hira. Wurin ajiya ma lissafi ne: layi ɗaya a inganci mai kyau yana cin kusan rabin gigabait a awa, layi huɗu kusan gigabait biyu. Kati ɗaya ba zai riƙe mu ba, kuma kowace hira a kwafe ta wuri biyu, ɗaya a ofis, ɗaya a gidan wani amintacce.

Akwai masu tsoron kada kayan su zama na mutum ɗaya, kamar yadda ya faru da wasu kayan ƙungiya a baya. Tsoron yana kan hanya. Shawararmu a buɗe littafi, duk wanda ya ɗauka ya sa hannu da ranar dawowa. Litinin zuwa Alhamis na hirar dattawa ne, ƙarshen mako na matasa. Kada a ɗauki muryar kowa sai da izininsa, kuma abin da dattijo ya ce kada a fitar, ba za a fitar ba.

Muna roƙon kowane shugaban unguwa ya zo zama mai zuwa da sunayen dattawa uku, maza da mata, waɗanda ya kamata a fara da su, mafi tsufa a gaba. Ma'aji zai kawo farashin na'urorin biyu daga shago uku daban-daban, sannan a kaɗa ƙuri'a. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Sakataren Ƙungiya