Laifin Lieber da wahalar Gang Chen

Yin aiki da Sin ba shi ne ya kai Farfesa Charles Lieber, tsohon shugaban sashen kimiyyar sinadarai na Jami'ar Harvard, gaban alƙali ba. A Disamba 2021 kotun tarayya a Boston ta same shi da laifin yi wa hukumomin da ke ɗaukar nauyin bincikensa ƙarya, da ɓoye kuɗin da Jami'ar Fasaha ta Wuhan ta biya shi. A ganina hukuncin ya dace. Mai bincike da kuɗin talakawa dole ya faɗi wa kuma ke ba shi na goro. Amma farautar masu bincike da ake zargi da alaƙa da Sin, wadda Ma'aikatar Shari'ar Amurka ta buɗe a 2018, ta wuce gona da iri. Misali, Gang Chen na jami'ar MIT ya shekara ana jan sa a kotu, sannan aka janye ƙarar a Janairu 2022, bayan an gama zubar masa da mutunci.