Kukan Kunne Ba Ambato Ba Ne

Ranar Asabar na je bikin 'yar ƙanwata. Aka zaunar da ni gaban wata lasifika mai tsayin ƙofar zaure, mai kiɗa yana ta ƙara mata wuta. Har safiyar Litinin kunnena na hagu bai daina kuka ba, wani siririn fito kamar na gyare. Da na gaya wa Gwaggo, sai ta ce, "Ana ambatonka ne, ɗan nan." Na ce, "Gwaggo, in ambato ne, to mai kiɗan nan ne ya ambace ni."

Can ciki, bayan dodon kunne, akwai 'yar gaɓa mai siffar katantanwa. A cikinta akwai ƙwayoyi masu gashi-gashi wajen 15,000, su ke mayar da sauti saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana kwantar da su yadda guguwa ke kwantar da gero. Wasu su miƙe, wasu su mutu, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Da saƙo ya ragu, sai ƙwaƙwalwa ta yi abin da mai rediyo ke yi idan tasha ta ɓace: ta ƙure murya, ba abin da ke fitowa sai shuuu. Shuuu ɗin nan shi ne kukan kunne.

Na sani, tsufa yana kawo shi, haka dattin kunne, da hawan jini, da magunguna irin su kwinin da asfirin mai yawa. Amma ƙara fa mu muke sayenta da kuɗinmu. Masana sun ce ƙara mai ƙarfin desibel 85 (ma'aunin ƙarfin sauti ke nan) kunne zai jure ta awa 8. A desibel 100, minti 15 ya isa a yi ɓarna. Mu kuwa tun la'asar har sha biyun dare!

 Abin da ya tsaya mini a rai shi ne jaririn da na gani a goye, uwarsa tana rawa dab da lasifikar. Da yaron injin niƙa da ke wuni a bakin inji ba toshin kunne. Wannan ba al'ada ba ce, zalunci ne. In yaron ya girma yana ta "Na'am? Me ka ce?", kada wanda ya ɗora wa aljanu laifi.